Gwiwarka ta Dama, Daga Sahun Baya

Al Khabaisi, Dubai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ɗana Sulaiman,

Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka lafiya. Allah ya tsare ka a sama, ya tsare ka a ƙasa, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ka nufa. Na naɗe ta cikin dardumarka ne saboda na san ita kake fara warwarewa duk inda ka sauka. Kilishin da Abbanku ya sayo maka ban sa shi a jaka ba. Na bincika, ba a shiga Amurka da nama, karɓewa za su yi kawai su ɓata maka lokaci. Yaji da dabino suna aljihun gefe.

Na san ka tsaya ka sake duba sunanka a sama. Rubutuna ne. Tun da aka raɗa maka shi ban taɓa furta shi ba, kai ma ka sani. "Yayan Husna" nake cewa, kafin a haifi Husna kuma "wannan yaron". Haka na taso na ga ana yi wa ɗan fari. Yau dai na rubuta shi, domin maganar da zan yi ba ta yiwuwa da kewaye-kewaye.

Gwiwarka ta dama ba ta gama warkewa ba. Idan ka isa, likitocin ƙungiyar da ta kira ka gwaji za su zaunar da kai su tambaye ka yadda take, kai kuma za ka yi murmushi ka ce ƙalau. Na san haka za ka ce, saboda a wurina ka koya. Shi ya sa kafin in roƙe ka komai sai na fara faɗa maka inda na ɓata.

Ban sani ba ko kana tuna ranar da ka faɗo daga katangar gidan Gwammaja. Ba ka kai shekara takwas ba. Ana shirin sunan ɗiyar baffanka, tsakar gida cike da mata, ni ina tankaɗe. Ka shigo riƙe da kafaɗarka, ka tsaya a bakin rumfa kana kallona. Na gan ka. Ina so ka san wannan, don na daɗe ina nuna kamar ban gani ba. Na ga yadda hannun ya saki, na ga leɓenka yana rawa. Amma matan dangin ubanka suna zaune, kuma macen da ta tashi da gudu a kan ɗan fari, a gabansu, magana ce ta shekara guda. Sai na kawar da kai na ce wa wata yarinya, "A kai shi wurin Hajiya." Kakarka ce ta kai ka asibiti, aka ce ƙashin ya tsage. Da kuka dawo mata suna ta cewa, "Kai, jarumi! Ko uhm bai ce ba." Ni kuma ina daga ɗaki ina jin daɗi. Daɗin nan da na ji shi ne ya fi damuna yanzu.

Ba zagin al'adarmu nake yi ba. Uwata ma haka ta yi mini, kuma na san tana sona daga irin tsokar da take ɓoye mini a ƙarƙashin tuwo. Amma yaro ɗan shekara bakwai bai san wannan lissafin ba. Abin da ya fahimta shi ne ciwo abu ne da ake kai wa wani wurin, kuma wanda ya yi shiru shi ake yabo. To ka ajiye wannan darasin, na janye shi. Idan wuri yana maka ciwo ka nuna shi da yatsa, ka faɗi lokacin da ya fara, ka faɗi abin da ke tayar da shi. Likita bai san gaibu ba. Hoto ma ba komai yake nunawa ba. Akwai abin da sai mai jikin ya faɗa.

Sai shekarar da ka zo mana hutu nan Dubai daga gidan kawunka na Amurka, kana sakandare a can, ka fara wannan ƙwallon tasu. Ka je gudu a bakin teku ka turguɗe, idon sawunka ya kumbura kamar an hura. Na dafa ruwa har ya tafasa, na ba Husna tawul da man zafi, na tsaya bayan labule ina ba ta umarni: "Danna sosai. Ƙara ruwan." Tana cewa, "Umma, ai sai ki zo ki yi da kanki, Yaya yana harara ta." Ban zo ba. Safe da yamma muka yi ta gasa sabon kumburi. Kocinku yana ta aiko saƙo cewa an kusa fara horo, ni kuma ina tsoron a ba wani gurbinka, sai na ce a gaya maka ka riƙa takawa, ƙafa ba ta son zama. Ka koma Amurka kana ɗingishi a ɓoye.

Bayan shekaru, ina aji a karatun gashin gaɓoɓi da na shiga da girmana, malamarmu ta yi bayanin abin da zafi ke yi wa sabon rauni a kwanakin farko, yadda yake ƙara kumburi. Na nemi izini na fita, na shiga banɗaki na kulle. Yaran ajinmu, waɗanda duk na haife su, sun ɗauka ciwon ciki nake.

A nan sai in yi hattara da magana. Ba zan ce ruwan zafin nan ne ya jawo duk abin da ya biyo baya ba, ba ni da hujjar hakan. Abin da na karanta kuma nake gani a wurin aiki shi ne, wanda ya koma gudu a kan ƙafar da ba ta warke ba yakan canza taku ba tare da ya sani ba, sauran gaɓoɓi su ɗauki nauyin da ba nasu ba. Shawarata: mai sonka yana iya cutar da kai da hannu biyu yana addu'a. A can ma za ka samu irina, abokan wasa masu cewa ga allurar da ke kashe zafi, ga maganin da wane ya sha ya buga. Ka tambayi sunan abin, ka tambayi aikinsa, ka tambayi abin da zai ɓoye. Idan mai bayarwa ya ji haushin tambayar, ka bar masa kayansa.

Na ukun ya fi muni, don a lokacin ba yarinya ba ce ni.

Da aka ɗauke ka a matsayin ƙwararre, na zama abin da ban taɓa zaton zan zama ba. Sunanka ban iya faɗa, amma wayata ta faɗe shi a kowane taro. Duk walima, duk suna a Deira, sai na ciro bidiyonka. Na tuna ranar da na nuna wa Anti Mariama, ƙawar nan tawa 'yar zangon Kumasi mai aiki a otal a Al Buteen. Ta riƙe wayar nesa da ido tana yamutsa fuska.

"Wace irin ƙwallo ce wannan da ake rungume ta kamar jariri?"

Na ce, "Haka ake yin ta. Shi ake danƙa wa, ya ruga da ita ya ratsa ta tsakiyarsu."

"Wane ne naki a ciki? Duk sun sa kwano a kai."

"Ga shi nan, wanda ake bi."

"Wannan da gari duka ke bi kamar ya saci akuya? To su waɗannan ƙartin mene ne aikinsu?"

"Su kayar da shi."

"Su faɗa masa a kai, su uku, su huɗu?"

"E mana."

Ta miƙo mini wayar ta ce, "Hajiya, ke kuwa dariya kike yi?"

Dariyar na ci gaba da yi. Na ce mata ba ta gane wasan ba ne. Wurin da na fi maimaita wa mutane shi ne inda ka sunkuyar da kai ka bangaje mutum biyu ka wuce, ƙafarka tana jan na uku.

Da tsokar cinyarka ta yage a ƙarshen waccan shekarar, ka kira gida. Abbanku ya miƙo mini waya. Ka ce, "Umma, na ɗan ji ciwo." A iya sanina wannan ne karo na farko a rayuwarka da ka kawo mini ciwo da bakinka. Ni kuma na ce, "To yaushe za ka koma?" Ban ce sannu ba tukuna. Ban ce ina ne ba. Ka ce, "Ba da daɗewa ba, inshallah." Ka koma kafin lokaci, ta sake yagewa a wuri ɗaya. Daga nan aka shiga abin da ka fi ni sani: wasa biyu a fili, wata guda a ɗakin jinya, kafaɗa, cinya kuma, wannan ƙungiya ta sallame ka, waccan ta ɗauka, har bara da jijiyar cikin gwiwa ta tsinke aka yi maka aiki.

Bayan yagewa ta biyu ne na shiga karatun fisiyo, wato gashi da motsa gaɓoɓi. Na gaya wa mutane zaman gida ne ya ishe ni. Gaskiyar ita ce likitanka ya yi mana bayani a waya, na ji kowace kalma ban gane ko ɗaya ba, na kuma kasa tambayarka.

Ka lura da tambayar da mutum ke fara yi maka idan ka ji ciwo. Mai cewa "yaushe" da mai cewa "ina ne" ba abu ɗaya suke nema ba. Wakilinka mai nemo maka ƙungiya mutumin kirki ne, na ji yadda yake gaishe da Abbanku, amma aikinsa shi ne ya sa ka a fili. Koci ma haka. Kada ka ƙi su, kada kuma ka ba su hukuncin gwiwarka. Ni da na haife ka na faɗa cikin masu "yaushe", balle su.

Yanzu sai watannin nan da ka yi a gida.

Ka zo bikin yaye mu, ka riƙe mini jaka, kana ta tsokanata da "Dakta Umma" duk da na gaya maka ni ba dakta ba ce, sabuwar hannu ce, har yanzu a ƙarƙashin kulawar wata nake aiki. A ƙaramin asibitin da nake zuwa, kullum hannuna yana kan gwiwoyin mata da ban san su ba, 'yan Kerala, 'yan Sudan, 'yan Filifin. In lanƙwasa, in miƙe, in tambaya, in rubuta. In dawo gida in tarar da taka a miƙe a kan kujera, in bi ta gefe in wuce kicin.

Ban taɓa ta ba, ban auna ta ba, don haka abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Duk lokacin da Abbanku ya yi tafiya, kai kake ja mana sallah, ni da Husna muna bayanka. Allah ya yafe mini, sallolin nan rabinsu kallon ƙafarka na yi. Idan za ka yi sujada, hagu ce ke fara sauka, dama ta biyo a hankali. A zaman tahiya ba ka iya zama a kanta, sai ka karkata ka tura ta gefe. Idan za ka miƙe, hannuwanka ne ke yin aikin, nauyin duka ya koma hagu. Ranar da ka je motsa jiki da safe, la'asar ɗinka ta fi azahar wahala, wandon kuma yakan ɗame a gwiwar. Cinyar dama ta fi ta hagu sirancewa. Ko a cikin jallabiya ana gani idan ka zauna. Ƙanƙarar da nake daskarar wa don zoɓo kullum sai na tarar an kwashe, na yi ta yi wa Husna faɗa alhali na san ba ita ba ce.

Ranar da muka je Al Buteen za mu hau abra mu tsallaka ruwa, ka sa ƙafar dama a bakin jirgin, ta saki. Ba santsi ba ne, ina bayanka. Ka cafke ƙarfe ka yi dariya. Husna ta ce, "Kai Yaya, ƙartin Amurka ba su kayar da kai ba sai kwalekwalen Dubai?" Ka ce, "Ke dai yalla, shiga, kin tare wa mutane hanya." Kowa ya yi dariya, har da ni.

Wanda ya hana ni sukuni shi ne na makon jiya. Ina yanka albasa, ka zo ka jingina da ƙofar kicin, abin da ba ka saba ba.

Ka ce, "Umma, ku a asibitinku, idan gwiwa tana kumbura bayan an yi gudu, me kuke cewa? Wani abokina ne ke tambaya."

Na san babu wani aboki. Kai ma ka san na sani. Ka sake zuwa bakin rumfa ne riƙe da kafaɗa, kana da gemu wannan karon. Ni kuma, da takardar shaidata rataye a bangon falo, sai na ce, "Ka ce wa abokin naka ya ga likitansa." Na ci gaba da yanka albasa. Ka tsaya kaɗan, ka ce, "To, zan gaya masa." Ka juya.

Babu matan dangi a kicin ɗin nan. Babu mai kallona. Ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Shekara huɗu na yi ina karatu domin wannan tambayar guda ɗaya, da ta zo na mayar da ita.

A kan wannan ba ni da wata shawara mai daɗin ji. Sai dai in ce kada ka yi abin da na yi. Idan aka buɗe maka ƙofa aka tambaye ka, ka amsa a lokacin, don ba kullum ake sake tambaya ba.

Na san abin da kake tsoro. Ba ciwon ba ne, ka saba da shi. Kana tsoron ka faɗi gaskiya su ce ka tafi, ka dawo Al Khabaisi kana da shekara ashirin da bakwai, ka shiga masallacin Juma'a mutanenmu suna cewa, "A'a, ɗan ƙwallo, har an dawo?" Kana tsoron rigarka ta wasa da Abbanku ya sa a gilashi ya rataye a ofishinsu na kargo. Ni na gina maka wannan tsoron da wayata, saboda haka na ga ni ya kamata in fara rushe shi.

Jiya da ka fita aski na zaunar da Abbanku. Na ce masa gwiwar yaron nan ba ta warke ba.

Ya ce, "Ke da kika gama jiya-jiya, kin fi likitocin Amurka ne?"

Na ce, "Ban fi su ba. Amma ba su taɓa tsayawa a bayansa yana sallah ba."

Na faɗa masa duk abin da na rubuta maka a nan. Ya daɗe yana juya carbi. Sannan ya ce, "Ashe don ɓoyewa ne ya ƙi kujerar da na ce ya riƙa sallah a kai a masallaci. Na ɗauka sauƙi ne." Can kuma ya ce, "Ke me ya hana ki gaya masa?" Na ce nauyi. Ya ce, "Ni ma da na ga yana sauka daga mota da ƙyar, nauyin ne ya hana ni." Ka ga mu biyu ke nan. Ya ce in gaya maka rigar tana nan a bango ko ka sake bugawa ko ba ka sake ba, don abin da ka riga ka yi babu mai goge shi. Gobe a hanyar filin jirgi wataƙila zancen cunkoson motoci kawai zai yi maka. Ka yi masa uzuri.

Daga nan na kira Anti Mariama, wadda ka san duk abin da ta ji kafin magariba ya zaga Deira. Da gangan na zaɓe ta. Na ce mata mai yiwuwa ɗana ya bar ƙwallo, jikinsa ya gaji, kuma da hannuna a ciki.

Ta ce, "To sai me? Ƙwallo aka ce zai bari ko numfashi? Khalas, shi ke nan, ya dawo mu yi masa aure. Ni dama tun ranar da na ga ana danne shi ban ƙara son wayarki ba."

Saboda haka maganar ta riga ka fita. Duk wanda zai yi gulma ya fara da ni, kuma na ga ban mutu ba. Idan ka ji haushin na yi haka ban tambaye ka ba, kana da gaskiya, ka yafe mini.

Ban ce ka bar wasa ba. Ban isa in yanke wannan ba, ilimina bai kai ba, kuma rayuwarka ce. Mai yiwuwa su duba su ce 'yan watanni kawai take buƙata. Mai yiwuwa su ce wani abu ne ƙarami da za a gyara. Mai yiwuwa kuma su ce a'a, su kira wani. Ban sani ba, ba zan yi maka alkawarin abin da ban sani ba. Abin da na sani shi ne aikinka gudu ne da juyawa kwatsam a kan ƙafa ɗaya, mutane suna faɗo maka ta gefe, kuma gwiwar da ta saki a bakin abra ba ta shirya wa wannan ba. Ina so ka kai shekarun Abbanku kana hawa bene da kanka, kana durƙusawa ka ɗauki ɗanka.

Roƙona ke nan. Idan likita ya ce yaya gwiwar, ka ce tana kumbura bayan gudu. Ka ce ba ta lanƙwasuwa har ƙarshe. Ka ce ta taɓa saki kana tsaye. Ka faɗe su kafin ya ɗora hannu, kafin murmushin nan naka ya riga ka. Abin da ya biyo baya mu bar wa Allah.

Na so in faɗa maka wannan baki da baki. Sau biyu yau na zo ƙofar ɗakinka kana haɗa kaya, na koma. Har yanzu ban iya ba, takardar nan ma rabinta tsoro ne. Gobe a bakin ƙofa za ka durƙusa, a kan hagu, ka ce, "Umma, zan tafi," ni kuma zan kalli gefe in ce Allah ya kiyaye hanya. Kada ka ɗauka iyakar abin da ke bakina ke nan.

Ranar gwajin, ka kira ni kafin ka shiga wurinsu. Ko ina tsakiyar aiki zan fita in ɗauka. Ka fara gaya mini, ni zan fara ji, don idan ka shiga ya zama karo na biyu ne kake faɗa.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa. Allah ya sa gaskiya ta yi maka sauƙi a baki, ya zaɓa maka abin da ya fi alheri ko da ba shi muke so ba. Ya tsare ƙashinka da jijiyarka da hankalinka da imaninka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Husna tana gaishe ka, ta ce idan ka tafi da cajar da ka ɗauka, ka dawo mata da ita. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifiyarka